Wa Ya Dace Da Wa? Musun 'Yan Kallo A Kan Jarumi Da Jaruma

Tun da shirin Labarina na darakta Aminu Saira ya fara fitowa a tashar Arewa24 a 2020, 'yan kallo suka rabu gida-gida a kan tambaya ɗaya: wa ya dace da Sumayya? Nafisa Abdullahi ce ta fito a Sumayya, samari suna ta kai gwauro suna kai mari a kanta. Wasu suka tsaya kai da fata a bayan Mahmud, wato Nuhu Abdullahi. Wasu suka ce ai Presido, wanda Isah Feroz Khan ya taka, shi ne idan ya tsaya gabanta ake jin iskar wurin ta canja. Lukman na Yusuf Saseen shi ma bai rasa mutanensa ba. A majalisar samari, a shagon tela, a gidan kitso, da an gama kallon fitowar mako sai musu ya kaure, kowa yana rantsuwa cewa abin da ya gani a fili yake, sai wanda ya ƙi Allah ne zai ce bai gani ba.

Shiri ɗaya suka kalla, a sa'a ɗaya, wani lokaci ma a kan tabarma ɗaya. Haɗuwar jini tsakanin jarumi da jaruma tana cikin abubuwan da suka fi sayar da fim, kuma tana cikin waɗanda 'yan kallo suka fi saɓani a kai. Saɓanin nan yana da tushe, tushen kuwa yana cikin yadda ake ƙera abin tun daga lokeshan har ya iso idon mai kallo.

Bahaushe ya daɗe yana wannan musu. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanon suke shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, kuma a irin su Plaza da Orion da Marhaba na Kano mutane suka saba da ganin Dharmendra tare da Hema Malini, da Amitabh Bachchan tare da Rekha, ba tare da jin yaren da suke yi ba. Brian Larkin, masanin da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta laƙabin da 'yan kallo suka ba wasu jaruman. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Rishi Kapoor kuwa, wanda Indiya ta ɗauka a matsayin gwanin soyayya tun fim ɗin Bobby na 1973, a Kano Mace ake ce masa. Taushin fuska da laushin jikin da suka narkar da zukata a Bombay, su ne samarin Fagge suka fassara da rashin mazantaka.

Kuch Kuch Hota Hai, fim ɗin farko da Karan Johar ya ba da umarni a 1998, ya ishi mai nazari misali. Akwai wurin da ruwan sama ya kori Rahul da Anjali, wato Shah Rukh Khan da Kajol, suka fake a wata 'yar rumfa. Ya nemi su yi rawa, ta nuna masa ai babu kiɗa. Sai ya ɗaga yatsunsa yana taɓa iska kamar mai kaɗa fiyano, sautin ya taso a hankali, suka soma juyawa babu mai cewa uffan. Can idonta ya faɗa kan zoben baikon da ke yatsanta, ta fizge jiki ta ruga cikin ruwa tana kuka. Ga ɗimbin masu kallo, daga Mumbai har Maraɗi, wannan 'yan mintunan su ne hujjar cewa ba a taɓa yin biyu kamar waɗannan ba. Amma akwai wasu, musamman matan da suka sake kallon fim ɗin da girmansu, da suke ganin wani abu daban: namijin da bai ga ƙawarsa a matsayin mace ba sai da ta tara gashi ta ɗaura sari, da kuma Aman, wanda Salman Khan ya taka, mutumin da ya so ta tsakani da Allah aka bar shi ranar ɗaurin aure. Waɗannan ba su rasa ido ba. Nauyin da suka ɗora wa alƙawari ne ya hana kiɗan fiyanon shiga zuciyarsu, kuma duk abin da suka kafa hujja da shi yana cikin fim ɗin.

A masana'antar Kannywood lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin an ɗaure wa 'yan wasa hannu ɗaya. Hukumar tace finafinai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ƙa'idojin masana'antar kanta, ba su yarda namiji da mace su taɓa juna ba, ko da a mata da miji suka fito. Saboda haka duk abin da fim ɗin wata ƙasa zai faɗa da riƙe hannu, a nan sai an faɗe shi da wani abu. Saurayi ya jingina da mota a ƙofar gida, budurwa ta fito ta tsaya taku uku daga gare shi, tana murza bakin gyalenta. Ya yi magana, ta yi shiru na daƙiƙa biyu kafin ta amsa. Ta ɗago ido, ya riga ya kau da nasa. Ta kira shi Yaya, ko Malam, ko ta ƙi kiran sunan gaba ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce filin wasan, kuma gwanayen 'yan wasa su ne waɗanda suka iya sa mai kallo ya ji nauyin taku ukun nan.

Wannan salo ne mai kyau, kuma ya cancanci a yaba masa fiye da yadda ake yi. Sai dai yana barin aiki mai yawa a hannun mai kallo. Shirun daƙiƙa biyun nan, a wurin dattijuwar da aka yi wa zance a zaure da fitilar ƙwai, ƙauna ce tsantsa da kunya ta lulluɓe. A wurin ɗalibar da ta tashi da finafinan Koriya da na Turkiyya a waya, ƙila sanyin jiki ne kawai da rashin sabo. Idan jaruma ta yi fari da ido ta mayar da magana da zafinta, ɗalibar ta ce yanzu aka fara wasa, dattijuwar ta ce yarinyar ba ta da kamun kai, ba za ta yi zaman aure ba.

Ga kuma waƙa, wadda ita ce rabin soyayyar fim ɗin Hausa. Muryar da ke fitowa daga bakin jarumi sau da yawa ba tasa ba ce. Mawaƙa irin su Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar da Maryam A. Baba da Nura M. Inuwa sun ara wa jarumai masu yawa muryoyinsu, an rera a situdiyo makonni kafin a kunna kyamara. Mai kallon da ya ce jinin wane da wance ya haɗu, ta yiwu baitin marubucin waƙa ne ya kama shi, ko hannun mai kiɗa, ko editan da ya san daidai inda zai yanke daga fuskar wannan zuwa ta waccan.

Masu sana'ar fim sun san ƙarfin wannan yankan tun wajajen 1920. Wani darakta ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa Ivan Mosjoukine ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawa a akwati, ya kuma haɗa ta da yarinya tana wasa. Kamar yadda abokin aikinsa Pudovkin ya ba da labari, masu kallo sun yaba yadda ɗan wasan ya nuna tunani a kan abincin, da baƙin ciki a kan gawar, da fara'a a kan yarinyar, alhali fuskar ɗaya ce ba ta motsa ba. Abin da ke gefen fuska, da abin da ke cikin ran mai kallo, su suka cike gurbin. Idan haka ta faru da kwanon miya, ina ga soyayya, wadda kowa ya shigo ɗakin kallo da tasa, wani da tabonta, wani da begenta?

Wani kuskure da ke rura wutar musun shi ne zaton cewa dacewa a allo shaida ce ta abin da ke ɓoye a zahiri. Auren Dharmendra da Hema Malini a 1980 ya ƙarfafa wannan zato a zukatan masu kallo. Amma Shah Rukh Khan ya auri Gauri tun 1991, kafin ya fara fitowa da Kajol a Baazigar na 1993, ita kuma ta auri Ajay Devgn a 1999, kuma wannan bai hana sinimar Maratha Mandir ta Mumbai ci gaba da nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge shekara da shekaru tun 1995 ba. A Amurka, daraktan The Notebook na 2004, Nick Cassavetes, ya bayyana cewa Ryan Gosling da Rachel McAdams ba sa jituwa lokacin ɗaukar fim ɗin, har Gosling ya nemi a kawo wata su karanta wani sashe tare. Fim ɗin ya zama abin misali a soyayya. Sannan su Shah Rukh da Kajol ɗin nan da aka sake haɗa su a Dilwale na 2015, masu sharhi da yawa ba su ji abin da suka ji a da ba, saboda labarin bai ba su wurin tsayawa ba.

Labarina ma ya yi wa masu kallo irin wannan gwaji ba da niyya ba. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya. Suna ɗaya, tarihi ɗaya, darakta ɗaya. Wasu suka karɓe ta nan take, wasu suka ce tasu Sumayyar ta tafi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wanda ya yi zango da zango yana saƙa alaƙa da wata fuska, ba a rana ɗaya zai warware ta ba.

Girmama ra'ayin wani ba yana nufin a daina tantance aiki ba. Akwai abubuwan da ake iya nunawa da yatsa: jarumin da ke jiran abokiyar wasansa ta gama magana don ya sauke tasa haddar, ba ya saurarenta, jarumar da idonta ke kan kyamara maimakon kan wanda take so, labarin da ya ce mutum biyu suna mutuwar son juna amma bai nuna ko sau ɗaya abin da ya haɗa su ba. Waɗannan aibobi ne na sana'a, kuma finafinan da ake ɗauka cikin gaggawa cike suke da su. Mai kallo yana da haƙƙin faɗa, daraktoci kuma suna da buƙatar ji. Abin da ba a iya nunawa da yatsa shi ne ko bugun zuciyar wani ya ƙaru. Don haka musu mai amfani yakan fara ne da tambayar a wane wuri ka ji haka, me ta yi, me ya ce. Sau da yawa a nan ne wanda ya ce ba su dace ba zai gane cewa akwai wani kallo da ya wuce shi, ko kuma mai cewa sun dace ya yarda cewa waƙar ce ta ɗauke shi.

Abin takaici shi ne yadda musun kan sauka daga kan fim ya hau kan mutane. A Facebook da TikTok, wanda bai ga dacewar ba sai a ce masa bai san so ba, ko baƙauye ne. Wadda ta yaba wasan da ya yi zafi sai a taɓa tarbiyyarta har da ta iyayenta. Mafi nauyin kuma a kan 'yan wasa mata yake sauka. Idan wasan ya yi sanyi, a ce ba ta iya ba. Idan ya yi kyau har mutane suka gaskata, a fara ƙirƙira mata labarin nema da abokin aikinta, ana tsare ta da tambayar yaushe ne biki, ko da mutumin yana da iyalinsa. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ inda suka taɓa juna, kuma muhawarar da ta biyo baya ta nuna yadda tazarar taku ukun nan take da tsada ga mace. Mutum yana iya goyon bayan ƙa'idar, yana iya sukar ta, amma zagin da ake yi wa 'yar wasa a irin wannan lokaci ba ya cikin ƙa'idar kowa.

Furodusoshi kuwa kunnensu yana kan wannan hayaniya, domin da ita suke lissafi. Karɓuwar da fim ɗin Sangaya ya samu gab da shigowar shekarun 2000 ta sa Ali Nuhu da Fati Mohammed suka zama biyun da kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai ke nema, har sunan Zubaina, wanda ta fito da shi a fim ɗin, ya bi Fati. Haɗarin shi ne idan ɓangare ɗaya na 'yan kallo ya fi ƙarfin murya, sai a yi ta maimaita fuskoki biyu har a gaji da su, sababbin 'yan wasa suna gefe. Ali Nuhu da kansa ya karya wannan a 2017, da ya ɗora fim ɗinsa Mansoor a kan mawaƙi Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, wadda a lokacin 'yan kallo kaɗan ne suka san fuskarta. Fim ɗin ya karɓu, su biyun suka samu ƙofar shiga manyan ayyuka, masu shirya finafinai kuma suka ga cewa akwai kasuwa ga biyun da ba a taɓa gwadawa ba.