Jinjina ga Hannun da Ya Zana Piccolo

Akira Toriyama, wanda ya rasu ranar 1 ga Maris 2024, ya fara Dragon Ball a mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan a 1984. Cikin taurarin da ya zana, babu wanda ya kai Piccolo shiga raina.

Ba ɗan duniyar nan ba ne. Asalinsa daga duniyar Namek yake, fatarsa kore, ruwa kawai yake sha, kuma ya fito daga ƙwai ɗauke da gabar da mahaifinsa ke yi da Goku, jarumin labarin. Wannan baƙon da kowa ke tsoro shi Toriyama ya damƙa wa tarbiyyar Gohan, ɗan abokin gabarsa Goku. Piccolo ya jefa yaron daji wata 6 shi kaɗai, amma yana laɓe yana tsaronsa, har ya ajiye masa 'ya'yan itace da yunwa ta ci shi. Ranar da wani maƙiyi mai suna Nappa ya harbo Gohan, Piccolo ya tare da jikinsa, ya mutu yana hawaye saboda yaron ne farkon wanda bai ɗauke shi dodo ba.

Dubi rawanin Piccolo da alkyabbarsa. Nauyi gare su, horo yake yi da su, sai faɗa ya yi tsanani yake tuɓewa. A fagen daga kuwa, Goku ya fi shi ƙarfi, amma sau da yawa Piccolo ke karanta abokin gaba ya tsara dabara.

Madalla kuma da Toshio Furukawa, mai yi wa Piccolo murya, wanda muryarsa ta haɗa zafin malami da tausayinsa.