Tuna Baya da Asali a Ƙagaggen Labarin Never Let Me Go

Idan aka kwafo mutum a ɗakin binciken kimiyya, ba uwa ba uba, da me zai kafa hujjar cewa shi ɗan'adam ne? Wannan shi ne jigon littafin da Kazuwo Ishiguro ya wallafa a 2005, shekara 9 bayan haihuwar Doli, tunkiyar da aka kwafo a Sikotilan.

Tauraruwar labarin, Kati, mai shekara 31, ta taso a makarantar kwana ta Hailsham a Ingila tare da Rut da Tomi. An samar da su ne domin a riƙa cire sassan jikinsu ana dasa wa majinyata har rai ya yi halinsa. Ba dangi ba iya, sai tuna baya ya zame wa Kati asali: wasannin ƙuruciya, saɓaninta da Rut, da zane-zanensu da aka tara domin shaida wa duniya cewa suna da ruhi.

Mai karatu zai iya aibata littafin da cewa babu wanda ya yunƙura ya tsere, iyakar roƙonsu jinkirin shekara 3. A ganinmu, a nan ƙarfinsa yake. An sanar da su makomarsu kaɗan-kaɗan tun ba su mallaki hankalinsu ba, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Begen Hailsham da ke rarrashin Kati, shi ne kuma ya dabaibaye ta.

Mu fa da aka haifa, nawa muka taɓa bincika daga abin da aka raine mu a kansa?