Soja da karta: zane biyu na shekarar 1917

Duk wanda ya taɓa zama da ƴan mazan jiya a Magariya ko Dungas ya san ba su cika ba da labarin harbi ba. Hirarsu ta sanyi ce, da ƙwarƙwata, da miyar da ba ta da daddawa, da wasiƙar da ta ƙi zuwa. Wannan ne ya sa nake yawan ɗora hotunan zane biyu gaban ɗalibaina, dukansu na 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Na farko shi ne La Partie de cartes, wato wasan karta, na Fernand Léger. Léger soja ne. Ya yi aikin ɗaukar waɗanda suka ji rauni, iskar guba ta same shi, kuma yana jinya ne ya yi zanen. Sojoji uku sun duƙufa kan karta, da lofe a baki, da lambar girma a ƙirji. Babu jini, babu gawa. Amma dubi hannuwansu: kamar bututun ƙarfe, kamar bakin igwa. Yaƙin ya shige jikinsu har lokacin hutu. Wasu ɗalibai kan yi dariya su ce waɗannan ai injuna ne. To, abin da mai zanen ke faɗi ke nan, kuma shi ma cikin injin yake. Laifinsa ɗaya a ganina: ƙarfen ya burge shi fiye da kima, har tausayi ya yi ƙaranci.

Na biyu na Félix Vallotton ne, Soldats sénégalais au camp de Mailly. Shi ba soja ba ne, ya haura shekara 50, aika shi aka yi ya zano abin da ya gani. Baƙaƙen sojoji na zaune tsakanin ɗakunan katako na bariki, wasu da jar dara. Kada sunan ya ruɗi mai karatu: «ƴan Senegal» laƙabi ne da Faransawa suka ba sojojin da suka kwaso daga yankunan mulkinsu na Afirka, ba Senegal kaɗai ba. Zanen ya tsaru, launinsa ya zauna, sai dai idon baƙo ne. Ya ga jiransu, bai san abin da suke jira ba.

Léger ya zana abokan cin tuwonsa. Namu kakannin zana su aka yi, ba a miƙa musu alƙalami ba, alhali sun fito daga ƙasar da magina ke ƙawata bangon gidajen Birnin Damagaram da zane. Abin da suka gani ya tsaya a baka, bakin kuwa ƙasa ta rufe shi.

Tun 2015 samarinmu ke zuwa fagen daga a Difa. Bara wani tsohon ɗalibina ya dawo hutu, ya nuna mini bayan wani littafin rubutu: abokinsa ne ya zana da biro, yana ɗinke takalmi, butar shayi na kan gawayi. Na roƙe shi kada ya yage shafin.