ME YA SA MUKE KWANTAR DA HAJIYA?

Yau da kaina zan fara, don laifin da zan faɗa ni ma na aikata shi da alƙalamina.

Kwanan baya na ɗauko littattafaina ina dubawa, sai na lura duk inda tsohuwa ta fito a labari, ɗayan biyu ce. Ko dai Hajiya ce a kishingiɗe da carbi ana matsa mata ƙafa, ko kuwa ja'irar tsohuwa mai yawon gulma da bin bokaye. Wato a wurinmu marubuta, dattijuwar kirki ita ce wadda ba ta motsi, wadda ƙafarta ke fita kuwa annamimiya ce. Wannan hoton muke sayar muku, ku kuma ku ɗauka haka gata yake.

Ni a kan mahaifiyata na gane kurenmu. Da Baba ya rasu, Yaya ya ɗauko Inna daga ƙauye ya dawo da ita birni. Matar da ta saba surfe da daka da jan ruwa a rijiya, sai muka hana ta komai. Ko tsintsiya ta ɗauka sai mu ce, "Haba Inna, so kike a zage mu?" Ba a rufa shekara biyu ba gwiwa ta riƙe, salla ta koma a zaune. Da likita ya tambaye mu aikin da take yi da rana, har da alfahari na ce, "Ai ba ta yin komai." Ya dube ni ya ce, "To ciwon ke nan." Wallahi kunya kamar in nutse.

Ashe naman jiki in ba a aiki da shi zubewa yake yi, ƙafa ta yi rauni, daga nan sai faɗuwa da karayar ƙugu. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ko wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Rabin awa ke nan a kwana biyar. Tafiya a ƙafa da shara duk suna ciki, kuma suna taimakawa wajen hawan jini da ciwon suga.

Mai cewa rashin kamun kai ne, ta tuna Manzon Allah (S.A.W) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Kuma Safa da Marwan da muke fata iyayenmu su yi, zuwa bakwai ne, ya kai wajen kilomita 3. Da wace ƙafar za su yi?

Ban ce a bar tsohuwa da wahala ba, mai ciwo kuma a fara jin ta bakin likita. Amma hutu daban, dabaibayi daban.

Yanzu Inna da ƙafarta take zuwa Islamiyya. Tana tsayuwa da ruku'u, sujada ce har yau sai a kujera, kuma duk na gani sai zuciyata ta sosu. Ke amarya mai yini gaban talabijin, tsufanki yau kike gina shi. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Allah Ya sa mu yi tsufa da ƙafafunmu, amin.