Gwanintar Ba Yaro Labarin Yaƙin Lexington

Da sanyin safiyar 19 ga Afrilu, 1775, rundunar Birtaniya mai sojoji kusan 700 ta biyo ta ƙauyen Lexington. Daga Boston suka taso cikin dare, za su Concord su lalata makamai da albarushin da mutanen ƙasar suka ɓoye. A filin tsakiyar ƙauye suka ci karo da 'yan sa-kai saba'in da 'yan kai, yawancinsu manoma, Kyaftin John Parker ne jagoransu. Bindiga ta tashi, kuma har yau ba a san daga hannun wa ba. Kafin hayaƙi ya washe, mutum takwas daga 'yan sa-kan sun riga mu gidan gaskiya. A nan yaƙin neman 'yancin Amurka ya soma.

To, yaya za a ba ɗan shekara bakwai wannan labari? Akwai rigimar haraji a ciki, akwai majalisar Landan, akwai jini. In aka zuba masa duka, ya gudu ya bar littafin. In aka tace shi har ya zama wasan jarumai, an yi masa ƙarya. Marubutan da suka iya ratsa tsakanin nan biyu ba su da yawa, kuma aikinsu ya cancanci a tsaya a duba shi.

Nathaniel Benchley ya fi burge ni. A 1969 ya fitar da Sam the Minuteman, da zanen Arnold Lobel, don yaran da yanzu suka fara haɗa baƙi. Jimlolinsa gajeru ne, kalmominsa na yau da kullum. Dabararsa ita ce ya miƙa wa yaro idanun wani yaro ɗan uwansa. An tashi Sam daga barci cikin dare, ya ɗauki bindiga ya bi mahaifinsa zuwa filin, cikinsa ya ɗuri ruwa. Benchley bai ɓoye tsoron ba, bai kuma ɓoye cewa harsashi ya samu abokin Sam a gabansa ba. Mai karatu bai san komai game da dokokin haraji ba tukuna, amma ya san yadda jira cikin sanyi yake, ya san abin da aboki yake nufi. Ta wannan ƙofa tarihin yake shigarsa.

Sannan a 1977 ya yi abin da ba kowa ke da zuciyar yi ba. Ya koma wannan rana ɗaya ya rubuta George the Drummer Boy, labarin yaro mai buga ganga a rundunar Birtaniya. George ma a tsorace yake, ga gajiya, ga harsasai na fitowa daga bayan katangu da itatuwa a kan hanyar komawa Boston. Yaron da ya karanta littattafan biyu ya tsaya a ɓangarori biyu na fili guda, ba tare da an zaunar da shi an yi masa wa'azi ba.

Jean Fritz kuwa ta ɗauki mutum na gaske. Littafinta And Then What Happened, Paul Revere? na 1973 yana tafiya ne kamar tatsuniyar dare, inda yara ke matsa wa mai ba da labari ya ci gaba. Ta san abin da ke riƙe hankalin yaro: Revere maƙerin azurfa ne, yana yin haƙoran jabu, daga baya ya zuba ƙararrawa, 'ya'yansa kuma 16. Sai yaro ya saba da mutumin nan mai yawan sana'a kafin a kai shi daren 18 ga Afrilu, daren da Revere ya hau doki don kai saƙon gargaɗi cewa sojojin Birtaniya na tafe.

A wannan dare ne gwanintar take bayyana sosai. Waƙar da marubuci Longfellow ya yi wa Revere, wadda ta fito a 1861, ta dasa wa Amurkawa hoton mahayi ɗaya tilo da ya yi sukuwa har Concord. Abin da ya faru ya sha bamban. William Dawes ma ya fita ta wata hanyar, 'yan sintirin Birtaniya sun kama Revere kafin ya kai, suka raba shi da dokinsa, wani likita mai suna Samuel Prescott ne ya isa Concord da saƙon. Fritz ta ba yara kamun da rasa dokin, labarin kuma bai rage armashi ba. Lokacin da aka buɗe wuta a Lexington, Revere yana fama ne da ɗaukar akwatin takardun John Hancock, ɗaya daga jagororin masu adawa da mulkin Birtaniya, don kada ya faɗa hannun sojoji. Jarumi da akwati a hannu ya fi kama da mutum, kuma yaro ya fi tuna shi.

Yaran da suka tasa suna da Johnny Tremain na Esther Forbes, wanda ya fito a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya ci lambar Newbery a 1944. Forbes ta riga ta rubuta tarihin Revere na manya, har ya samo mata lambar Pulitzer, don haka titunan Boston da shagunan maƙeranta a tafin hannunta suke. Johnny yaron maƙera ne da narkakkiyar azurfa ta lalata wa hannu. Amininsa Rab ya tafi Lexington, aka harbe shi, Forbes kuma ta bar shi ya mutu. Ta yarda cewa ɗan shekara goma sha biyu zai iya ɗaukar wannan rashi.

Akwai dai wanda tsofaffin littattafan ba su cika tsayawa a kansa ba. Cikin waɗanda suka ji rauni a filin Lexington akwai Prince Estabrook, baƙar fata, bawa, wanda ya tsaya a sahu yana yaƙin 'yancin da shi kansa ba shi da shi a lokacin. Ina fatan ganin marubucin da zai ba ɗan shekara bakwai labarinsa da irin gajerun jimlolin Benchley.