4.3 Sharhi a kan Ra'ayin An-Na'im Dangane da Raba Addini da Gwamnati

A sashen da ya gabata an kawo tarihin Abdullahi Ahmed An-Na'im, masani ɗan ƙasar Sudan, almajirin Mahmud Muhammad Taha wanda gwamnatin Numeiri ta rataye a 1985. A nan kuwa za a auna ra'ayinsa ne a ma'aunin tarihin Wurno da Rabah da Goronyo, domin a ga inda ya dace da inda ya gaza.

A littafinsa mai suna Islam and the Secular State (2008), An-Na'im ya bambanta gwamnati da siyasa. A ganinsa, ba za a iya raba Musulunci da siyasa ba, domin Musulmi ba ya ajiye imaninsa a gida idan zai jefa ƙuri'a. Amma ita gwamnati wajibi ne ta zama 'yar ba-ruwanmu, saboda ibadar da aka yi don tsoron ɗan sanda ba ibada ba ce, kuma duk hukuncin da majalisa ta zartar ya zama nufin masu mulki. Don haka mai son a kafa wata doka sai ya kawo hujjar da kowane ɗan ƙasa zai iya aunawa, ko da addininsu ba ɗaya ba ne. A nan ra'ayinsa ya kusanci na John Rawls, jigo a cikin masu aƙidar sassaucin ra'ayi.

Tarihin Rabah yana ƙarfafa wani ɓangare na wannan ra'ayi. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah kuma tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bai taɓa ɓoye kishin addininsa ba. Duk da haka, a 1958 gwamnatinsa ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda aikinsa ya haifar da kundin dokokin laifuffuka da ya fara aiki a 1960 a kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba a Jihar Arewa. Wannan shi ne irin sasantawar da An-Na'im yake kira a yi.

Sai dai idan aka waiwayi Wurno, za a ga raunin ra'ayin. An-Na'im ya jingina hujjarsa da cewa a tarihin Musulunci malamai sukan nisanci fada domin su tsare mutuncin ilimi. Muhammadu Bello kuwa, wanda ya mayar da Wurno ribaɗi kuma ya rasu a can a 1837, malami ne kuma sarki. A littafinsa Usul al-Siyasa ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da maƙera da masu sauran sana'o'i, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Ke nan a Wurno addini ne ya zama linzamin da talaka zai iya ja wa sarki. Har tawayen Malam Abdussalami na Kware a 1817 da hujjar addini aka yi shi, domin ƙorafinsa shi ne an kauce wa adalcin da aka yi jihadi dominsa. An-Na'im bai bayyana abin da zai maye gurbin wannan linzami ba a wurin da talaka bai san kundin tsarin mulki ba, amma ya san zalunci haramun ne.

Rauni na biyu shi ne, ra'ayin ya ɗauka cewa akwai gwamnati mai ƙarfi wadda kowa ya amince da ita. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, amma a 2000 jama'ar Jihar Sakkwato suka yi maraba da faɗaɗa shari'ar Musulunci, bisa fatan samun adalci mai sauri kuma mai sauƙi. Bayan haka, a watan Oktoba na 2021, 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Ga mutumin da ya rasa ɗan'uwa a ranar, tambayar ba ita ce ko gwamnati tana da addini ba, a'a, ko tana nan ma tukuna. Gaskiya ta sa a faɗi cewa wannan ya shafi masu adawa da An-Na'im su ma, domin sauya sunan kotu bai tsare rayukan mutanen Goronyo ba.

A taƙaice, wannan nazari ya yarda da An-Na'im cewa masu mulki kan fake da addini. Inda aka saɓa da shi shi ne ɗaukarsa cewa tsame hannun gwamnati daga addini shi ne matakin farko. A gabashin Sakkwato, adalci da tsaro su ne kan gaba, kuma da harshen addini talaka ya saba neman su. Babi na biyar zai duba yadda mawaƙan yankin suka bayyana wannan buƙata.