Ejii 'Yar Hamada Ta Sace Mini Zuciya

In akwai littafin da nake son in gani a hannun kowace yarinya daga Sabon Garin Gusau har Tsafe da Bungudu, to Shadow Speaker ne na Nnedi Okorafor. Ba na ɓoye-ɓoye, ni 'yar gani-kashe-ninsa ce. Ya fara fitowa a 2007, ya yi shekaru ba a samunsa a kasuwa, sai a 2023 kamfanin DAW ya sake buga shi bayan marubuciyar ta yi masa kwaskwarima. Ku da kuka saba da almarar kimiyya kun san yadda abin yake: jarumi namiji, Bature, garinsu Landan ko wani birni na Amurka. To wannan a Nijar ya buɗe, nan bayan Zurmi, cikin rairayi da raƙuma da kiran salla. Jarumar kuma yarinya ce Musulma.

Bugun farko ya ajiye labarin a shekarar 2070, sabon kuwa ya matsa da shi 2074. An yi yaƙin nukiliya, an tayar da wasu bama-bamai da aka ce na zaman lafiya ne, daga nan duniya ta birkice. Daji yakan tsiro dare ɗaya a tsakiyar hamada, shingen da ya raba duniyarmu da wasu duniyoyi ya yi rauni, ana ta haihuwar yara masu baiwa iri-iri: wannan yana tashi sama, wancan yana kiran ruwa. Duk da haka fasaha ba ta mutu ba, don Ejii da 'yar na'urarta mai kama da waya take yawo, e-legba. Kwamfuta a aljihu, aljanin guguwa a kan hanya. Kai, madalla!

Ejii Ugabe ita inuwa ce ke yi mata magana. Idanunta ruwan zinare, tana gani cikin duhu, tana hango abin da ke nesa, kuma saboda waɗannan idanun ake tsangwamarta a garinsu Kwamfa. Jininta biyu, rabi Ibo rabi Fulanin Wodaɓe, kuma a nan ne na ce wannan ai 'yar unguwarmu ce. Duk wanda ya tashi a Sabon Gari ya san irin yaran nan, uba daga can, uwa daga nan, Hausa a titi, wani yaren a cikin gida, kullum ana tambayarsu su 'yan ina ne. Yarinya ce mai kunya, mai tsoro, mai yawan tunani, mai taurin kai a ɓoye, wadda za ta yi kuka sosai sannan ta share hawaye ta hau raƙumi. Ina ƙaunarta.

Sai uwar gayya, Sarauniya Jaa. Jama'a, Jaa! 'Yar ƙaramar mace cikin jajayen kaya, da koren takobi mai rai, in ta yi magana wani lokaci jajayen furanni ne ke zubowa daga sama. Ita ta raya Kwamfa, da ta yi tafiya mahaifin Ejii ya naɗa kansa sarki, ya matse mata, ya mai da su abin ajiya a ɗaka. Ranar da ta dawo, a gaban jama'a, a gaban 'yarsa mai shekara tara, ta sare masa kai. Wannan shi ne tushen littafin, kuma dubi wayon marubuciyar: ba ta ce mana mu yi guɗa ba. Azzalumi ne, amma uban wata ne. Ejii ta girma tana jin tsoron matar nan, tana sha'awarta, tana bin sawunta cikin Sahara ba tare da ta tantance ko ɗaukar fansa ce ke jan ta ko neman ilimi ba.

Ni dai ina karanta Jaa ina tuna Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899, da 'Yargoje da tarihin baka ya ce ta mulki Zamfara tun ƙarni na 14. Mace mai mulki ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Abin da ya fi burge ni shi ne littafin bai tsaya a "mace ma ta iya sara" ba. Jaa ta nufi taron sulhu a duniyar Ginen da yaƙi a zuciyarta, inuwoyi kuma suka tura Ejii ta bi ta don kada jini ya zuba. Ƙarfin yarinyar saurare ne, tana shiga zuciyar mutum ta ji abin da ke cinsa. A jihar da matafiyi ke karanta duk addu'ar da ya sani kafin ya bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ba sai an yi mana bayanin darajar jarumar da aikinta hana faɗa ba.

Ga kuma abokan tafiya. Dikeogu, yaro mai kiran ruwa da tsawa, wanda ya gudo daga bauta a gonar koko, bakinsa ba linzami, ga zafin rai, ga ban tausayi. Shi Kirista, ita Musulma, suna ta cacar baki suna ceton juna. Ga raƙumi mai magana, sunansa Onion, wato albasa. Raƙumi! Ni a ba ni littafi guda a kansa shi kaɗai.

To, ƙorafi. Ƙarshen ya yi gaggawa, bayan an sha doguwar tafiya sai aka naɗe tabarmar da sauri. Sannan Jaa mazanta biyu, Gambo da Buji, abin da zai sa wata Hajiyar ta yi salati ta rufe littafin. Shawarata iyaye su fara karantawa, su zauna da 'ya'yansu a tattauna, almara ce. Ci gabansa, Like Thunder, sai da aka jira shekara 16 kafin ya fito a 2023, da muryar Dikeogu, kuma ya fi duhu da nauyi, ba na ƙananan yara ba ne. Babban ƙorafin kuwa kuɗi: sai an yi oda, ga dala ta hau, kwafi ɗaya sai ya zaga ƙawaye har bangonsa ya fita.

Ƙannenmu 'yan firamare da ƙaramar sakandare a fara musu da Zahrah the Windseeker na 2005, wanda ya ci kyautar Wole Soyinka a 2008. A can Ginen ɗin ake, inda ake shuka kwamfuta daga iri ta girma tare da mai ita. Zahrah an haife ta da tsiro cikin gashinta, tana tsoron bisa alhali baiwarta tashi sama ce, ta shiga dajin da aka haramta ita kaɗai don nemo maganin abokinta Dari. Daga nan sai Akata Witch na 2011, labarin Sunny, zabiya mai buga ƙwallo a Aba, a duniyar da in ka koyi sabon abu kuɗi ke faɗo maka daga sama. Da haka ake yi a makarantunmu ai da ba a kori kowa kan kuɗin jarrabawa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne littattafan nan duka da Turanci suke. Kuma ba wai Hausa ba ta taɓa zuwa sararin samaniya ba: Umaru Dembo ya kai mu tun 1969 a Tauraruwa Mai Wutsiya, sai dai yaro ya ɗauka. Matan ma ba a bar su a baya ba wajen alƙalami, ga Hajiya Hafsat Abdulwahid mai So Aljannar Duniya, wadda har kujerar gwamnan Zamfara ta nema a 2003. Saura a haɗa biyun. Ku marubutan onlayin da ke zuba mana shafi-shafi a Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp, don Allah a ɗan huta da ɗan mai kuɗi mai jiji da kai da 'yar aikin gidansu. A ba mu yarinya 'yar Kwatarkwashi a shekarar 2100, da babur mai aiki da hasken rana, da wata ƙofa da ta buɗe a jikin dutsen. Na yi alkawarin biyan kuɗin karatu tun daga shafin farko.